Ƙwarya Da Akushi

A wannan mako ina so mu taɓa wata magana wadda ba ta rabuwa da bakin 'yammata, watau auren ma'aikacin birni da yarinyar ƙaramin gari. Kun san dai yadda masu shirya fim da marubutan littattafan soyayya suke son wannan labari. Mota ta lalace wa wani saurayi mai farin tabarau a bakin hanya, ya sauka neman ruwa, sai ga yarinya ta taso daga rijiya da tulu a ka. Daga nan sai kallo, sai waƙa, iyaye su ƙi, su komo su yarda, a ɗaura aure, a rufe labari. Ba a taɓa nuna mana safiyar da 'yan biki suka watse ba, alhali kuwa daga wannan safiya zaman aure yake somawa.

Tsofaffinmu sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. 'Yammatan yanzu kuwa cewa suke so ba ruwansa da ƙwarya ko akushi. Ni malamar firamare ce, ban kai shekara 25 ba, amma Allah ya sa na ga irin wannan aure a gidanmu tun daga tushensa. Zan gaya muku abin da idona ya gani, kowace ta ɗebi abin da zai amfane ta.

Mu mutanen Kura ne, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, kamar mil 20 daga birni. Wanda ya san Kura ya san shinkafa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, noma bai ƙara tsayawa a ƙasarmu ba, rani da damina. Maza suna gona, mata kuwa suna cikin gida suna gumi. A jiƙa shanshera, a turara ta, a shanya, a kai inji a cashe, a tsince tsakuwa, sa'an nan a auna a fitar. Aiki ne mai cin jiki ƙwarai, ga hayaƙi ga rana, amma mace mai gumi ba ta roƙon kuɗin sabulu.

'Yar gwaggona ta girme ni da shekara ɗaya. Taubashiyata ce, amma da yake gida ɗaya muka tashi, Yaya nake ce mata. Ta tsaya a aji 3 na ƙaramar sakandare, ta sauke Alƙur'ani a Islamiyya, ta kama gumi tare da Gwaggo. Kafin ta cika shekara 20 tana da jarinta na kanta, tana zubin adashi biyu. Lissafi kuwa a kanta yake, ba ta neman takarda.

A shekarar 2021 aka turo wasu ma'aikata gyaran magudanan ruwa. A cikinsu akwai wani injiniya, haifaffen birnin Kano, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana aiki a Abuja. Ya so ya saya wa mahaifiyarsa shinkafa mai kyau, aka nuna masa gidan Gwaggo. Yana zaure yana danna waya yana lissafin kwano da buhu, sai Yaya ta faɗi jimlar daga bayan ƙofa tun bai gama ba. Ya biya ya tafi. Bai kai bakin titi ba yaro ya cim masa da ragowar kuɗi, wai an ce ya ba da fiye da ƙima. Bayan mako biyu ya komo sayen shinkafa, ko da yake kowa ya san buhu guda ba ya ƙarewa cikin mako biyu.

In kuna neman mutum biyu da suka saɓa a kome, to ga su nan. Shi da agogo yake alkawari, ita kuwa da lokacin salla, in ta ce bayan la'asar, ko wane minti kafin magariba bayan la'asar ne. Shi abin da ke ransa shi ke bakinsa, ita kuwa an rene ta da kawaici. Shi abokansa ba su fi uku ba, ita kuwa duk unguwa danginta ne. Amma fa wannan saɓani shi ya ja su. Ya ce bai taɓa ganin mai natsuwa da riƙon amana kamarta ba. Ita kuma ta gaya mini a ɓoye cewa shi ne namiji na farko da ya taɓa tambayarta, "Ke me kika gani?" ya kuma tsaya ya ji amsa.

Da magana ta kai ga manya, sai ƙura ta tashi ta kowane gefe. Yayyensa mata suka ce baƙauya zai kwaso musu, me za ta ce in abokansa sun zo da matansu? Wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun a 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafinta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta, sa'an nan ɗan boko ya ƙi ta don rashin karatu. Sai dai mahaifinsa mutum ne mai sanin addini. Ya tuna musu cewa a wurin malamanmu na Malikiyya, abin da ake dubawa wajen dacewar ma'aurata shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure, ba a ambaci birni ko ƙauye ba.

A namu gefen kuma, abin da ya kusa ɓata magana shi ne gwajin jini. Injiniya ya nemi su je asibiti su biyu kafin a sa rana. Baba, mijin Gwaggo, ya ji zafi ainun, ya ce, "Watau 'yar tamu ake zargi?" A lokacin ina kwalejin horon malamai, sai Gwaggo ta kira ni ta ce in yi wa Baba bayani. Na durƙusa na ce, "Baba, ba zargi a ciki. Akwai mutumin da yake da lafiya sarai, amma yana ɗauke da irin ciwon sikila a jininsa, shi ake ce wa AS. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki da za a samu yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da ciwon. Shi ma ai za a gwada shi." Limamin unguwa ya ƙara da cewa rigakafi ya fi magani. Aka je aka gwada, aka dace, aka ɗaura aure a 2022. Ga shi kuwa a 2024 gwamnatin Jihar Kano ta mai da gwajin nan doka, har da na ciwon hanta da na cuta mai karya garkuwar jiki. Abin da aka ɗauka cin fuska jiya, yau kowa yi yake.

To, a nan fim yake ƙarewa, mu kuwa a nan namu labarin ya soma. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Aka kai amarya Kubwa, ɗaya daga cikin unguwannin da ma'aikatan Abuja suke kwana. Gidan sama ne, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, ga famfo ga murhun gas, ga ƙofar ƙarfe. 'Yan rakiya suka komo Kura suna cewa Yaya ta shiga daula. Ba wanda ya lura cewa maigidan yana fita da an idar da sallar asuba don gudun cunkoson motoci, ba ya komowa sai bayan lisha. Maƙwabta kuwa daga ko'ina cikin Nijeriya suke, Turanci ne ya haɗa su, ita kuwa nata Turancin bai wuce na aji 3 ba. Ba yaron da za ta aika, ba tsakar gidan da za ta yi shanya, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta ce, "Ina kwana, a san mini gishiri." Yarinyar da ta saba da gida mai mutum 20 ta wayi gari tana magana da bango.

Jarinta ya narke a hankali, yau anko, gobe gudummawar suna. Ran nan sai ta ga tilas ta buɗe baki ta roƙi kuɗin man shafawa, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana 'yar shekara 15. Ya ba ta da murna, har da ƙari, amma ta shiga ɗaki ta yi kuka. Bugu da ƙari, a watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, zuwa gida da aka yi mata alkawari a kai a kai ya koma daga salla sai salla.

Kada ku ce laifin duk nasa ne, domin shi ma yana shan nasa. Ya auri mace don ya sami abokiyar hira, ga shi ba ta yarda ta ci abinci a gabansa, ba ta kama sunansa, in ya tambaye ta abin da ke damunta sai ta ce, "Ba kome." Shi kuwa a inda ya tashi, ba kome yana nufin ba kome. Ga baƙi daga Kura suna sauka ba sanarwa, wannan ya zo neman wa ɗansa aiki, wancan ya zo ganin likita, kowa ya yi mako guda. Daga Kura albashinsa kamar tudu yake, amma a Abuja kuɗin haya na shekara ɗungum ake biya, ko ganyen miya sai an saya.

Da aka yi dogon hutu na je musu kwana goma. Na tarar Yaya ta rame, ta yi fari irin na wanda ba ya ganin rana. Da dare ya yi na ce, "Yaya, gaya mini gaskiya, dukanki yake yi?" Ta ce, "Haba, Malama, ko kallon banza bai taɓa yi mini ba. Ci da sha da sutura ba abin da na rasa. Hannuna ne ya mutu. Ina ji in na zo gida da salla ba zan iya komowa ba." Gabana ya faɗi, domin na san in ta zauna a Kura yaji za a kira shi, in kuwa manya suka shiga, ƙaramar magana ta zama babba. Na ce ta gaya masa, ta ce bakinta ba zai iya ba.

Kun san akwai wasa tsakanin miji da ƙanwar matarsa, kuma wasa yakan kai saƙon da kunya ta hana kaiwa. Washegari yana shan shayi na ce, "Injiniya, ka iya buɗe wa gonakin Kura ruwa, amma ka zo ka datse wa 'yar Kura nata." Ya yi dariya, sa'an nan ya ga ba dariya nake ba. Na zayyana masa kome. Ya yi shiru har shayin ya huce, kana ya ce, "Malama, wallahi ni a zatona hutu na ba ta. Na ga hayaƙin da take sha a gida, na yi alkawari a raina ba za ta ƙara wahala ba."

Ku duba fa, 'yan'uwa. Ba mugunta a wannan gida, ba ƙiyayya. Abin da shi yake kira hutu, ita kurkuku take ganinsa. Abin da ita take kira ladabi, shi kuwa gani yake ana guje masa. Kowannensu yana ba ɗan'uwansa abin da shi kansa yake so, bai tambayi abin da ɗayan yake bukata ba.

A daren nan suka zauna su biyu, ni na shige ɗaki. Abin da suka shirya shi ne, Gwaggo ta riƙa yin gumi a Kura tana ɗoro buhu a mota, Yaya ta tsince ta sake gyarawa, ta ƙulla kwano-kwano ta sayar. Da sadakinta, wanda Baba ya adana mata bai bari an taɓa ba, ta sayi buhun farko. Matar da ke ƙasansu, wata Bayarabiya, ita ta fara saye, ta dafa ta ga ba tsakuwa, ta gaya wa wasu. Injiniya ya koya mata sa hoton kaya a WhatsApp, matan abokan aikinsa suka shiga aiko da saƙo. A bakin ciniki Turancinta ya buɗe, domin mai son kuɗinsa ba ya jin kunyar kuskuren harshe. Yanzu tana zuwa ajin manya da yamma, tana shirin zama jarrabawar gama sakandare ta masu zaman kansu.

Shi ma ya sauko. Ya koyi tsugunawa ya gai da Baba yadda ake yi a Kura, ya daina duba agogo in ana hira a zaure. Ita ta yarda tana cin abinci tare da shi, shi kuma ya yarda ran Juma'a a shimfiɗa tabarma a ci tuwo da hannu. Baba da kansa ya kafa wa dangi doka cewa mai zuwa Abuja ya buga waya tukuna. Ba na ce muku saɓani ya ƙare ba, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. Har yanzu suna ja-in-ja a kan ɗansu, ita tana so in ya yi wayo ya riƙa dogon hutu a Kura ya san danginsa, shi yana tsoron zazzaɓi da ruwan magudanai. Amma yanzu da baki ake yin gardamar, ba wadda take shiga ɗaki ta yi kuka ita kaɗai.

Don kada ku ce na nuna muku gefe ɗaya, ga wani labarin. Wata da muka yi firamare tare ta auri wani ma'aikaci a Kaduna. Shi abin da ya gani a wurinta shi ne ba ta san kome ba, ba za ta tambaye shi ina ya je ba. In abokansa sun zo sai ya ce ta zauna a ɗaki. Ta nemi komawa makaranta ya hana, ta nemi sana'a ya ce zubar masa da girma za ta yi. Bayan shekara biyu ya auro wata mai digiri, ba a daɗe ba ta komo gida da goyo da takardar saki, ba sana'a, ba shaidar karatu. Duka biyun 'yan birni ne suka auri 'yan ƙauye, amma ɗaya hankalin yarinyar ya so, ɗayan kuwa duhun kanta ya so. Gane wannan bambanci tun ana zance shi ne rabin tsira.

Saboda haka ga shawarata ga wadda ɗan birni yake nema. Da farko ki lura da abin da yake yabo a wurinki. In yana yabon hankalinki da aikin hannunki, yana zama a zauren mahaifinki ba tare da yatsina ba, alama ce mai kyau. In kuwa kullum cewa yake ya fi son wadda idonta bai buɗe ba, to ki yi hattara.

Na biyu, a yi bincike na sosai. Saurayin unguwa kowa ya san uwarsa da ubansa, amma na nesa sai abin da ya faɗa. Waliyyinki ya tashi mutum takanas ya je ya ga inda yake aiki da inda yake kwana, ya ji ko yana da iyali. Kuɗin motar wannan tafiya bai kai kuɗin akwati ɗaya na lefe ba.

Na uku, maganar karatu da sana'a da zuwa gida a yi ta tun kafin a sa rana, a bakin manya, gaban shaidu. Alkawarin da aka yi a zaure da dare tsakanin saurayi da budurwa iska ke kwashe shi.

Na huɗu, sadaki naki ne ke kaɗai. Shari'a ta sa mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, ba ta sa masa iyaka ta sama ba, ba ta kuma ba kowa ikon cinsa ba sai da yardarki. Ki roƙi iyayenki su bar miki shi ya zama jari, kada ya tafi a kwanukan da za a jera a kabad ana kallo.

Na biyar, ki koyi buɗe baki cikin ladabi. Kunya ado ce, amma miji ba ya sanin gaibu, balle wanda ya tashi inda ba a karanta shiru.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe karatunku da kyau. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro, mace da namiji, shekara 9 na karatu kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Kada ku tsaya nan in da hali. Tukunyar gumi ba ta hawa gidan sama, amma takardar shaida a ƙasan akwati take bin mace duk inda aure ya kai ta. Iyaye mata, kada ƙyallin mota ya rufe muku ido, ku tambayi abin da 'yarku za ta riƙa yi daga fitar miji zuwa komowarsa. Ku kuwa matan birni, in an kawo amarya daga ƙauye kusa da ku, ku ƙwanƙwasa mata ƙofa, ku nuna mata kasuwa da asibiti. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma mafi yawanku in an bi sawu, kakanninku daga wani ƙauyen suka fito.

Ni ma da nake wannan magana, wani ma'aikaci daga birni ya aiko gidanmu. Na gaya wa mahaifina cewa shekara 3 na yi ina neman takardar NCE, kuma akwai yara a ajina da suka soma haɗa baƙi a hannuna. In za a yi maganar aure, a sa maganar allo da alli a ciki tun yanzu, a ji ta bakinsa gaban manya. In ya yarda, madalla. In bai yarda ba, kowa ya kama gabansa tun ba a ɓata ba. Ƙwarya takan zauna da akushi lafiya, in mai jera su ya san wadda ba ta son nauyi a kanta.

Allah ya zaunar da na ɗaki lafiya, ya ba 'yammata mazaje na gari, ya sa mu dace duniya da lahira, amin. Sai wani makon in Allah ya kai mu. Wassalam.